Katin da Akawu Ya Tsara wa Auta

Wannan labarin ba da bayan idon kowa nake ba da shi ba. Mai shi da bakinsa yake bayarwa duk inda ya samu benci da mutum biyu, yana yi yana dukan cinya yana cewa, "Kai, ni dai an yi wawa mai gogaggen takalmi." Nawa kawai in jera muku shi daki-daki.

Shekara talatin da uku ya yi yana rubuta wasiƙu a wani ofis, ya faro daga mai liƙa ambulan har ya kai babban akawu. Ya yi ritaya shekara shida ke nan, amma sunan ya ƙi bin sa ritayar. Duk layin Akawu ake ce masa, kuma har yau ko burodi zai fita saye sai ya jera biro uku a aljihun gaba. Mu masu furfura kun san halinmu, da an raba mu da aiki sai mu mai da falo ofis, mu mai da iyali ma'aikata.

Autarsa ce ta gama jami'a. Haɗa magunguna ta karanta, shekara biyar cur a wani gari mai nisa, kuma a duk zuriyarsu ba a taɓa samun wanda ya kai nan ba, mace ko namiji. Ranar da ta dawo da rigar kammala karatu a leda aka yanke shawarar a yi ɗan taro a ƙofar gida: a kafa rumfa, a yi hayar kujeru, a dafa shinkafa, a raba lemo.

"Baba, abu ɗaya nake so," in ji Auta. "Kati. Sunana, abin da na karanta, rana da wuri, shi ke nan. Tun ina firamare nake ganin sunayen mutane a kati, ban taɓa ganin nawa ba. Ɗaya zan sa a gilashi in rataye a bango."

Akawu ya dire kofin shayi. "Shi ke nan? Ni za a ce wa shi ke nan? Ni da na taɓa rubuta wasiƙar da ta sa aka ɗage taron daraktoci har sau biyu?"

"Ai don ba wanda ya gane ta ne aka ɗage," in ji matarsa daga kicin.

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce a bar masa komai, kada wanda ya sa masa baki, za a ga katin da ba a taɓa gani ba a layin nan. A wannan kam bai yi ƙarya ba.

Kwana uku ya yi a teburin falo, ya cika kwandon shara da takardu. A rana ta huɗu ya tara iyalinsa, ya gyara murya, ya karanta: "An umarce ni da in sanar da kai, bisa la'akari da sakamakon da ya iso wannan gida, cewa ana buƙatar ka bayyana da kanka ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, ba tare da wani uzuri ba."

"Maigida," in ji matarsa, "gayyata ce ko sammaci? Wallahi duk wanda ya samu wannan da lauyansa zai zo."

Auta ta toshe baki da gyale. Akawu ya ce matsalar gidan nan ita ce ba a san darajar rubutu ba, amma ya koma ya sassauta. Da ya tsaya a nan da an rabu lafiya. To sai dai a ofishinsu akwai doka: takarda ba ta fita sai ta zaga tebur-tebur kowa ya duba ya sa hannu. Ya sayo fayil sabo, ya huda takardar, ya zura mata zare ya ɗaure, ya saƙale a hammata ya nufi gidan yayansa.

Yaya ya riƙe takardar nesa da fuska, ya bi ta sama da ƙasa. "Ina sunana?"

"Yaya, ai kai babban baƙo ne."

"Baƙo? A gidan ƙanena? Ni da na goya ka ka yi mini fitsari a baya?"

Nan take aka buɗe sashen masu gayyata, Yaya a farko, matarsa na biye. Daga nan fayil ya wuce wajen ƙanwarsu, wadda yara ke kira Goggo. Ita ko karantawa ba ta gama ba ta fara share ido, wai ita ta tsaya a asibiti ranar da aka haifi yarinyar nan, yau an mai da ita bare. Aka sa ta. Ta ce mijinta fa? Aka sa shi. Ta ce a sa masa muƙaminsa, ba haka tsirara ba. Aka rubuta: tsohon mataimakin shugaban ƙungiyar masu kiwon kaji.

Washegari Akawu ya je gyaran fuska, fayil na kan cinyarsa. Mai aski ya shafa masa kumfa, ya ɗaga masa haɓa, ya ɗora reza daidai maƙogwaro, sannan ya ce a hankali, "Na ji ana rubuta sunayen 'yan uwa da masoya."

"Ana yi," in ji Akawu, ba tare da ya motsa wuya ba.

"Shekara ashirin ina riƙe da kan nan. Ko sau ɗaya ban taɓa yanka ka ba."

"Miƙo mini biro," in ji Akawu.

Maganar da ta shiga shagon aski kuwa ta shiga gari. Tela ya tare shi a hanya, mai shago ya hana shi canjin kuɗinsa har sai da aka sa shi, mai gyaran famfo ya aiko matarsa. Kafin mako ya zagayo sunaye sun kai arba'in da ɗaya, Akawu kuwa sai ƙara buɗa kafaɗa yake, shi a dole ga mai rabon matsayi. Ya zauna ya jera su bisa girma, kamar yadda ake jera ma'aikata: mai shekaru da muƙami a sama, na ƙasa a ƙasa. A can saman ya sa rana da wuri, da kan magana da manyan haruffa, TARON MURNAR KAMMALA KARATUN JAMI'A, sai hotonsa yana zaune a tebur riƙe da biro, da rubutu a ƙasan hoton: Daga teburin Tsohon Babban Akawu. Auta ita ce ƙarama a duk wanda aka ambata, saboda haka layinta ya zo can ƙarshe, bayan mai gyaran famfo. A ganinsa wannan shi ne tsari.

Shagon mai buga kati ɗan tsukuku ne, warin tawada da zafin inji, fanka na juyawa ba ta kawo komai. Mutumin ya buɗe fayil, ya juya shafi, ya sake juyawa.

"Baba, wannan ba kati ba ne, jarida ce."

"Aikinka bugawa."

Ya shigar da komai a kwamfuta, ya yi ta matse haruffa har suka koma kamar ƙananan tururuwa, duk da haka suka ƙi shiga. Ya juyo da allon ya ce Baba ya duba. Akawu yana da tabarau, amma a gida yake barin sa, don ya sha faɗa a bainar jama'a cewa idonsa garau yake. Ya leƙa allon, bai ga komai ba sai hazo, ya gyaɗa kai irin na masana.

"Sai dai a rage hoton," in ji mai buga kati.

"Kada ka taɓa hoton."

"To sai an yanke wasu layuka."

"Yanke daga ƙasa. Haka ake yi a ofis, in wuri ya yi kaɗan ƙananan ma'aikata ke tashi."

"Amma Baba, layin ƙarshen nan ai shi ne..."

"Malam, kai inji ka sani, ni takarda na sani. Tun ba a ƙera kwamfutar nan ba nake gyara wasiƙar manya. Yanke!"

Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya yanke layi uku. Akawu a ransa mai gyaran famfo yake hange, har yana cewa da ma famfon bai gyaru ba. Inda ya ajiye 'yarsa kuwa sam ya manta. Aka buga kati ɗari biyu.

Ya kawo su gida a kwali, ya kulle kansa a ɗaki, ya zuba kowanne a ambulan ya liƙe, don a ofis takarda mai muhimmanci ba a barin ta a buɗe. Auta ta ƙwanƙwasa.

"Baba, in gani mana, ko ɗaya."

"Naki na musamman ne, ranar taro zan miƙa miki a gaban jama'a."

"To in leƙa kawai."

"Ba a leƙa takardar da ba ta fita ba."

Ta koma tana murmushi, har ta je ta sayo gilashin da za ta sa shi. Shi kuwa ya ɗauki littafi mai layi-layi ya shiga rabo gida-gida, duk wanda ya karɓa sai ya sa hannu ya rubuta lokaci. Yaya ya buɗe nasa, ya ga sunansa a farko, ya ce madalla, ya rufe. Goggo ta nemo na mijinta, ta tabbatar kajin na nan, ta jefa a jaka. Mutum talatin da tara kowa sunansa ya nema, ya samu, ya ajiye. Ba wanda ya kai ƙasa.

Sauran jama'a kuwa abin da suka gani shi ne: taron kammala karatun jami'a, ga hoton Akawu riƙe da biro, ga sunansa ɓaro-ɓaro. Mai aski ne ya fara haɗa lissafin a shagonsa, gaban mutum shida masu jiran layi.

"Ku tsaya. Ba duk wata yake tafiya wai kai wa Auta ziyara ba? Da jakar takardu? Wa ke kai ziyara da jakar takardu? Lacca yake zuwa! Mutumin nan shekara biyar yana karatu a ɓoye."

"To ita Autar fa?"

"Ita da saura. Uban ya riga ta, ai kan ba ɗaya ba."

Da yamma Akawu ya biyo ta layin, sai ga mutane na tasowa daga benci suna miƙa masa hannu biyu.

"Akawu, mun ga kati! Kai, a wannan shekarun!"

"Ai ƙwaƙwalwa ba ta tsufa," in ji shi, yana shafa biro.

"Amma ka iya ɓoye abu. Yaushe ka samu lokaci?"

"Zama ne kawai da haƙuri. Kwana uku na yi a tebur."

"Kwana uku!" in ji tela, ya dafe kai. "Wasu shekara biyar suke yi!"

"Wasu ko shekara goma ka ba su ba za su iya ba."

Ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai, ya ce wa matarsa duk layin maganar katinsa ake yi. Ta ce Allah ya sa alheri ne, don ita tun safe mata ke yi mata barka da wani irin kallo, har wata ta tambaye ta ko yanzu zai koma aiki.

Ranar Asabar ƙarfe huɗu rumfa ta cika, har an ƙaro kujeru daga maƙwabta. Mai aski ya karɓe makirfo tun ba a ba shi ba. A gefe an ajiye teburin kyaututtuka, matar Akawu na karɓa. Ta buɗe na farko, takalmin maza. Na biyu, agogon hannu mai faɗin murfin kwalba. Na uku, sandar dogarawa. Ta ɗago ta dubi mijinta, shi kuwa yana can yana gaisawa da mutane kamar mai neman ƙuri'a.

Auta ta fito cikin rigarta da hula mai tuntu, ta yi kyau har uwar ta ji ƙwalla. Ta nufi kujerar tsakiya, wadda aka lulluɓe da farin yadi. Kafin ta zauna wata maƙwabciya ta riƙo hannunta.

"Ke 'yar nan, an gama ɗaukar hoton ai. Cire ki ba mai rigar rigarsa, za a fara. Naki na nan zuwa, ki dai dage."

Auta ta juyo ta dube ta. Daidai nan lasifika ta ɗauka: "Jama'a, a tafa wa ɗalibinmu! Tsoho mai ran ƙarfe! Ya shiga jami'a ba wanda ya sani, ya fito ba wanda ya ji!"

Tela da mai shago suka cicciɓi Akawu suka dire a kujerar tsakiya. Wani ya zare hular daga kan Auta ya kifa masa. Shi da kansa yake faɗa, kuma wannan ne wurin da ya fi jin kunya: ya ce ya ji abin bai yi daidai ba, amma tafin ya yi masa daɗi, har ya ɗaga hannu ya gyara tuntun.

Auta ta sunkuya ta ɗauki wani kati da aka bari a kan kujera, ta karanta daga sama har ƙasa. Ta juya bayansa, fari fat. Ta sake karantawa tana bi da yatsa. Sannan ta tako har gaban uban, inda mai aski ya kara makirfo yana jiran jawabin ɗalibi.

"Baba," ta ce, lasifika kuwa ta kai muryarta har ƙarshen layi, "ina nake?"

Akawu ya gyara zama.

"Kina ƙasa mana, layin ƙarshe."

"Layin ƙarshe sunan shagon da aka buga ne."

Ya karɓi katin, ya nesanta shi, ya kusanto shi. Matarsa ta zaro tabaransa daga jakarta ta ɗora masa a hanci. Ya karanta. Ga Yaya, ga Goggo, ga kaji, ga mai aski, ga tela. Ya kai ƙasa ya dawo sama, gumi ya fara bin gefen hular.

"Aikin mai buga kati ne!" ya miƙe. "Zan rubuta masa takarda mai zafi!"

"Ga ni nan, Baba," in ji wata murya daga layi na uku. Mai buga katin ya ajiye cokali ya tashi. "Na ce maka layin ƙarshe, ka ce ni inji na sani. Ka ce ƙananan ma'aikata ke tashi."

"Au, 'yar tawa ce ƙaramar ma'aikaciya?" in ji matar Akawu.

"Ni ma an tashe ni," in ji mai gyaran famfo daga baya, "amma na zo."

Yaya ya buga sanda a ƙasa. "Kai dai tun kana yaro haka kake!"

"Yaya, kai ma an ba ka katin nan kwana goma da suka wuce," in ji Goggo.

"Ke ba a ba ki ba?"

Dariya ta ɓarke, irin wadda ba ta da birki. Tela ya faɗo daga kujera. Mai aski ya kashe makirfo ya kunna, ya rasa ta cewa, sai ya ce a tafa, aka rasa wa za a tafa wa. Mutum ɗaya ce ba ta dariya. Auta na tsaye ba hula, riƙe da gefen rigarta, hawaye na zuba ba ta ko sharewa. Da Akawu ya ga haka sai ya ji duk furfurarsa ta zama ta banza.

Ya cire hular da hannu biyu ya mayar mata a kai. Ya karɓi makirfo.

"Jama'a, ni ban je jami'a ba. Ko ƙofarta in na je, a wajen mai gadi nake tsayawa. Jakar da kuke gani sabulu ne da garin madara a ciki. Yarinyar nan ce ta yi shekara biyar tana karatu, ta roƙe ni abu ɗaya tak, ni kuma na sa mai kaji na cire ta. Duk wanda ya zo da katinsa ya kawo."

"Duk wanda ya kawo takalmin maza kuma ya zo ya ɗauka ya canzo," in ji matarsa.

Aka sauke kyaututtuka aka ba Akawu teburin. Ya zauna a bakin rumfa, mutane suka yi layi, yana karɓar kati ɗaya-ɗaya yana rubuta sunan Auta da abin da ta karanta a bayansa, don gaban ba masaka tsinke. Kowa ya karɓi nasa sai ya wuce wajenta ya yi mata barka, wasu na ba ta haƙuri, wasu na ƙunshe dariya. Shinkafa ta huce, yatsunsa suka sage, bai ɗago ba. Mai aski ya zo da nasa yana cewa shi da ma tun farko ya yi shakka. Akawu ya ce ya wuce kafin ya soke shi daga masu gayyata.

Da layin ya ƙare, sai wani kati ya sauka a gabansa. Ya ɗago. Auta ce, idanunta jajir.

Ya juya katin zai rubuta a baya, ta dafe shi.

"In na sa a gilashi bayan ba zai fito ba, Baba."

Ya mayar da shi gaba. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ko'ina sunaye ne cunkus. Wuri ɗaya ne ya rage mai ɗan fili. Ya danna biro, ya rubuta sunanta da manyan haruffa a kan hotonsa, daga kunne zuwa kunne, ya sake bi a kai har sau uku.

"Baba, ka ɓata fuskarka."

"Bar ta," in ji shi, yana hura tawadar. "Fuskar nan an gan ta, ta ishi kowa. Je ki zauna a kujerarki."